Igiya Ta Maye Gurbin Clive

Ƙungiyarmu ta kiɗa ta garin Canterbury a Ingila ba ta da mawaƙi. Kiɗa zalla muke zubawa, jita da ganga su yi ta gurnani ba mai cewa uffan. Aikin Clive Ottaway shi ne rungume manyan lasifikoki, don rugugin kiɗan kan tuntsurar da su. Haka ya ƙare ƙuruciyarsa, kunne manne da katako, har ya kurmance.

Ran nan muna wasa a wani zaure, Nigel mai jita ya ɗauki makirufo, abin da bai taɓa yi ba, ya nuna Clive yana murmushi: "Jama'a, ga kurman jakinmu. Mun sayi igiyar ɗaure lasifikoki, daga gobe ya nemi gida!"

Zauren ya kaure da dariya. Clive, da bai ji ko kalma ɗaya ba, ya cire hula ya rusuna, idonsa taf da hawayen godiya.