Dokar Kifin Hut a Jihar da Ba Teku

Daga gida zuwa Kano

Ana idar da sallar Asuba muka tashi, ni da Honarabul Alhaji Ɗanjuma, shugaban kwamitin muhalli na majalisar jiharmu, wanda nake wa sakatare. An gayyace mu Dubai taron tsara dokar sa ido da kare ƙaton kifin nan mai kai-komo a teku, irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa. Ruwan da ya fi girma a jiharmu shi ne kogin bayan garinmu, wanda yara ke tsallake shi da ƙafa a bazara.

A shingen sojoji wani ya leƙo. "Ina zuwa, Alhaji?"

"Aikin ƙasa," in ji Honarabul. Sojan ya dubi manyan akwatuna uku a baya, ya ɗaga ɗaya ya ji fanko, ya yi murmushi ya ɗage mana shinge.

Al Buteen

Mun kwana a hanya, muka sauka da hantsi. Direban da ya tare mu Basiru ne, ɗan Zangon Kumasi. Na tambaye shi sunan kifin da Larabci, ya ce, "Hut suke ce masa, Maigida."

Honarabul ya gyara zama. "Ka ji ko, Malam Sakatare? Taron hutu muka zo. Su da kansu suka faɗa."

An kama mana babban otal kusa da zauren taro, amma ya ce a kai mu unguwar Al Buteen, don ta fi kusa da kasuwar zinariya. Ɗakina ya fuskanci mashigin ruwa, shayin karak a ƙasa dirhami ɗaya, kuma shinkafar birinyani ta wani ɗan Pakistan da ke kwanar layin ta fi ta jirgi nesa ba kusa ba.

Zauren taro

Honarabul ya zauna har aka ɗauki hoton farko, sannan ya rataya mini katin wuyansa ya ce zai je ya dawo. Na yini ina kallon taswira. Masu bincike sun liƙa wa wani kifi na'ura a baya, sun san inda ya kwana, sun san ranar da jirgin dakon kaya ya yanke shi a gadon baya. Daga nan aka ce kowace tawaga ta faɗi tsawon gaɓar tekunta. Da aka zo kaina na miƙe na ce muna kan aunawa. Aka tafa mini.

Kan teku

Washegari Basiru ya kai mu gaɓar gabas, tafiyar kamar awa biyu cikin duwatsu, don a nuna mana kifin ido da ido. Honarabul ya zo, saboda an ce za a raba takardar yabo a cikin jirgin ruwan da za mu shiga. Ba mu yi nisa ba ya cire hula ya rungumi bokiti. Kifi kuwa bai fito ba. Sai wata malamar jami'a 'yar Oman, Dakta Maryam, ta zura na'ura a ruwa ta sa mini abin ji a kunne. Na ji ƙarar injinan jirage, can a ƙarƙashi kuma wani nishi mai tsawo kamar saniya ta ɓatar da ɗan maraƙi.

Ta ce, "Na duba taswira, ba ku da teku. Me ke kashe kifi a wajenku?"

Na ce maganin ƙwari ne masunta ke zubawa a kogi, kifi ya taso da ciki sama, manya da 'ya'ya, mutane kuma su sha ruwan. Mun kai maganar majalisa, aka ce ba ta kai a yi mata doka ba.

"To ga doka kun zo ɗauka," in ji ta. "Ai ku za ku rubuta ma'anar kifi."

Da muka dawo Al Buteen na rubuta daftarin: an haramta cutar da hut, da duk wani kifi ƙasa da shi, a kowane ruwa na jiha. Na karanta wa Honarabul yana gwada takalma.

"Ranka ya daɗe, har da tarwaɗa da ragon ruwa fa."

"Sunana na sama?"

"Yana sama."

"To yalla, khalas, magana ta ƙare."

Komawa gida

Mun sauka Kano da akwatuna biyar, muka isa gida bayan La'asar. Kafin azumi doka ta wuce babu mai musu, don babu ɗan majalisar da ke son a gane bai san hut ba. An sayi mota sabuwa ta sintirin teku, an ajiye ta a ƙofar gidan Honarabul. Amma alƙali ya ci tarar mutum biyu da aka kama da gorar magani a bakin kogi, kuma tun daga nan ba a sake ganin kifi ya taso da ciki sama ba.

Sarkin Ruwa ya zo har gida yi mini godiya. Da zai tafi ya rage murya ya ce, "Malam, in wannan hut ɗin ya shigo koginmu, a ina za mu kai rahoto?"

Na ce ofishin Honarabul. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Basiru, da Dakta Maryam, da kifin da ban taɓa gani ba.