Kejin da Ya Tsare Muryar Kakanmu

Akwai wata rana a zauren kawuna da ke Bunkure wadda na san ko na tsufa tukuf ba za ta fita daga raina ba. Ba gobara aka yi ba, ba wanda ya rasu, masu wucewa a ƙofar gida ma ba su san an yi wani abu ba. Folda ɗaya ce ta zama wayam a allon kwamfuta.

Kakanmu na wajen uwa malami ne. Ya yi shekaru yana tafsiri da azumi a ƙofar gidansa, ana ɗauka a kaset. Bayan rasuwarsa sai Kawu, wanda ya gaji makarantarsa da gonakinsa, ya sa aka juye kaset ɗin cikin wata tsohuwar laftof da na sa mata Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Wata damina kanal ɗin ban-ruwa ya yi ambaliya, ruwa ya shiga ɗakin ajiya, kaset ɗin suka lalace. Daga nan muryar marigayi ba ta rage a ko'ina ba sai cikin laftof ɗin, ita kuma ta kusa cika. Na sha cewa a nemi inda za a ajiye kwafi na biyu, Kawu ya ce in sha Allahu bayan an cire tumatir. An cire tumatir ya fi a ƙirga.

A lokacin na gama karatun kwamfuta, aiki bai samu ba, sai na shiga cikin masu taimaka wa manhajojin Linux kyauta. Nawa aikin ƙunshe manhaja ne. Za ka haɗa ta da duk abin da take buƙata wuri ɗaya, ka sa ta a cikin abin da nake kira keji, yadda ba za ta ga komai a kwamfutar ba, balle ta taɓa, sai inda ka buɗe mata. Gwaji ne da sake gwaji, kuma ba mai ce maka sannu.

Da azumi ya matso, manoma suka dami Kawu a zuba musu tafsirin a memori, su riƙa ji a waya wajen ban-ruwa. Fayilolin sun yi nauyi, ni kuma ina kan ƙunshe wata manhajar rage nauyin sauti, sai na ce zan yi. Ranar aikin, ɗan Kawu ya iso a babur da memori cike da leda. Taubashina ne, yana da shagon caji da tura waƙoƙi a Kura, kuma tun muna yara bai taɓa ganina ya ƙyale ni ba.

Na kunna manhajar, ta buɗe, amma ba ta ga fayil ko ɗaya ba. Na duba baƙin allon da ake rubuta umarni, na ga keji ne ya hana ta, kamar yadda ya kamata.

“To buɗe mata gidan gaba ɗaya mana,” in ji taubashina. “Ai layi ɗaya ne, na sha ganin kana yi a taka. Ko digirin ne bai kai nan ba?”

Gaskiya ya faɗa, layi ɗaya ne. Na ƙi. Ba zan ce hangen nesa ba ne. Ƙa'idar gwaji ce na saba bi, rabin ƙin nawa kuma don shi ya faɗa ne. Na yi sabuwar folda, na kwafo fayiloli kaɗan, iyakar abin da sauran wurin zai ɗauka, na buɗe wa manhajar wannan foldar kaɗai.

Ta ga fayilolin, ta ƙi aiki a kansu. Na bi saƙon kuskuren, na gano ban sa ɓangaren da ke karanta irin wannan tsohon sautin a cikin ƙunshin ba. Sai da na hau bakin kanal ina ɗaga waya sama kafin na sami sabis na sauko da shi, na dawo na sake haɗa ƙunshin daga farko. Laftof ɗin tana ta huci, taubashina yana cin ɗanyen tumatir yana yi mata kirari.

Bayan azahar Kawu ya leƙo, ƙafafunsa duk laka, don ranar ɓangarensu ke da ruwa.

“An gama?”

“Baba, injiniyanka katanga yake gina wa kwamfuta,” in ji ɗansa.

Kawu ya dube ni. “Kai ɗan nan, in abin ya fi ƙarfinka ka bari ya kai Kano. Ba kunya a ciki.”

“A ƙara min haƙuri, Kawu.”

Ya fita. Na ji haushi, ban ɓoye ba, amma ban buɗe kejin ba.

Da ƙunshin ya haɗu na sake kunnawa. Wannan karon ta yi aiki lafiya, har ta rubuta cewa ta kammala. Na buɗe foldar gwajin don in nuna wa taubashina, sai na tarar ba komai. Sababbin fayilolin babu, waɗanda na kwafo ma babu. Na duba kwandon shara na kwamfutar, nan ma babu.

Ya daina tauna. “Na Malam fa?”

Na buɗe babbar foldar. Suna nan, kowanne da sunansa. Na kunna ɗaya, muka ji gyaran muryar kakanmu kafin ya fara, na kashe.

Sai na zauna na bi bayanan da manhajar ta bari layi-layi. Ashe idan ta gama aiki takan share wurin da take zuba tarkacenta. A cikin keji sunan wurin ya zo mata fanko, maimakon ta tsaya sai ta kama shara tun daga saman gida, wato kwamfutar gaba ɗaya, tana goge duk abin da hannunta ya kai. Hannun nata bai kai ko'ina ba sai foldar gwaji. Na yi masa bayani a taƙaice. Shi da kansa ya ƙarasa, a hankali: “Da mun buɗe mata gidan...”

Ya tashi babur ya tafi. Kafin la'asar ya dawo da babbar ma'ajiyar fayiloli ta kwamfutar shagonsa, wadda waƙoƙi da finafinan da yake tura wa mutane suke ciki, abin da ya yi shekaru yana tarawa, kuma da shi yake ci. A gabana ya goge su.

“Juye,” ya ce. “Yanzu, ina kallo.”

Na juye tafsirin duka a cikinta. Tunda nake ban taɓa zama da shi tsawon wannan lokaci bai tsokane ni ba.

Na rubuta wa masu manhajar yadda abin ya faru da yadda za su maimaita shi. Wani da ban san ko a wace ƙasa yake ba ya gyara, na sake gwadawa a kan kwafi, sannan muka cika memorin. Da na ba Kawu labari a gona ban ga alamar ya gane ba. Ya ce alhamdu lillahi, ya ce in miƙo masa fartanya.

Cikin azumin na bi ta gonakin da hantsi. Daga aljihun wannan, daga ƙarƙashin hular wancan, muryar kakanmu ce ke tashi, har da tarin nan nasa. Na hango Kawu tsaye a tsakiyar albasarsa, waya a kunne, fartanya a hannu. Fangalin da ya buɗe wa ruwa ya cika yana malala kan hanya, bai ma lura ba. Na ɗauki laka na toshe bakin na wuce.

Tun daga ranar ban sake gwada komai a kan abin da ba shi da na biyu ba, kuma ba na buɗe wa manhaja fiye da abin da take buƙata, ko waye yake jira a kaina. Jinkirin yini ɗaya ana manta shi, amma da muryar nan ta tafi, babu wanda zai sake karanta mana ita.