Takalmin Baltasara

Duk unguwarmu a birnin Lima an san Baltasara mai ɗinki da tsoro. Ko ƙofa iska ta buga sai ta dafe ƙirji. Ta tsufa ba ta yi aure ba, mutane na yi mata tsiya, ni kuwa da na san mafari tausayi take ba ni.

Tana budurwa ita ke yi wa Doña Rosenda ɗinki, 'yar gidan masu gonakin rake. Tsayinsu ɗaya, tafiyarsu ɗaya. A zamanin, 'yan matan manyan gida in za su shan iska da la'asar lulluɓi suke yi ruf, ido ɗaya kawai a waje, kuma babban abin kunya ne namiji ya yaye wa mace lulluɓi a titi. Sai Rosenda ta samo dabara. Takan sa wa Baltasara kayanta ta tura ta yawo bakin kogi, ita kuma ta zille wurin saurayinta. Wan Rosenda, Don Fermín, mai zuciya a kusa, ya yi ta bin lulluɓin a baya, wai yana gadin ƙanwa.

"Ko uffan kada ki ce," in ji Rosenda. "In asiri ya tonu, ni gidan mata masu zuhudu na coci za a kulle ni, ke kuwa bulala ce ajalinki."

"Uwar ɗakina, gabana faɗuwa yake yi."

"Ya yi ta faɗuwa, ai ba a gani ta cikin lulluɓi."

Abin da suka manta shi ne takalmi. Cipriano baduku, mai neman auren Baltasara, shi ya ɗinka mata na ƙafarta. Wata la'asar ya hango takalmin a kan gada, ya sha gabanta yana murmushi.

"Yau kuma sarauta aka samu? Ko a buhu aka sa ki na gane ki."

Tana jin takun Don Fermín a bayanta. Ta girgiza wa Cipriano kai. Ya zaci wasa ne, ya kama hannunta.

"Kai matsiyaci, ƙanwata kake taɓawa?" in ji Don Fermín.

Da a ce ta yaye lulluɓin, da magana ta ƙare. Hannunta ya kai bakin mayafin, tsoro ya tsayar da shi a nan. Cipriano na kallon idon nan ɗaya, yana jira ta faɗi ko ita wace ce, har takobin Don Fermín ya shige shi.

Don Fermín ya riƙe hannunta ya raka ta gida, yana lallashinta, wai ta kwantar da hankalinta, ba mai ƙara damunta.