Baba Hanci, Wanda Ya Hana Surukinsa Makulli

Da sassafe, kafin masu shara su gama da titi, Baba Hanci ya riga ya jingine kekensa a bangon garejin bas-bas ɗin da ke kai mu aiki. Zai buɗe ɗan ɗakinsa na bakin get, ya goge tebur, ya buɗe akwatin katakon da makullai ke rataye a ƙusoshi, sannan ya jawo kujera ya zauna a ƙofa. Aikin da aka ɗauke shi ya yi ke nan: ya miƙa wa kowane direba makullin motarsa da safe, ya karɓa da yamma. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ni kuma na rantse ba zai tafi shiru ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin da ake kawo waɗanda suka yi haɗari. Na san abin da direba ɗaya da ya sha ya yi tatul yake iya aiko mana a yini guda. Na wanke fuskokin da uwayensu suka kasa ganewa. Shi ya sa idan na ji wani yana cewa "ai ɗan kaɗan ya kurɓa," sai in ji kamar in shaƙe shi. A bakin get ɗin nan nake hawa motar farko shekara da shekaru, don haka abin da zan faɗa ganau ce ni.

Baba ba ya miƙa makulli sai an gaisa, gaisuwar kuma irin ta wanda ba shi da wurin zuwa. Zai kama hannun direba ya ƙi saki. "Ina kwana? Ya iyali? Ya ƙafar tsohuwa? Yaron nan ya daina tarin kuwa?" Direba yana amsawa, Baba yana matso da fuska. Hanci yana aikinsa, ido yana cikin ido, tafin hannu yana jin ko akwai karkarwa. Sabon direba yakan ɗauka tsabar kirki ne. Kirkin ne, amma da bincike a ciki, daga nan kuma laƙabin ya samo asali.

Wata safiya wani ya zo ya cika baki da cingam, ya yi wanka da turare har mu da ke layi muna atishawa. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yau neman aure za ka, ko tuƙi? Tofar da abin nan mu gaisa." Da aka gaisa, makulli ya koma ƙusa. Masu shan maganin tari don maye kuwa, da ba su da wari, doguwar tambaya yake musu har harshe ya tona asiri. Fasinjoji sukan yi ta tsaki wai ana ɓata musu lokaci. Na sha juyowa in ce musu, "Ku biyo ni wurin aikina ku ga masu sauri."

Da sabuwar doka ta zo, aka ce duk direban da aka kama da maye zai rasa lasisinsa, sai ya koma makarantar tuƙi ya sake jarrabawa daga farko. Aka kawo na'urar hura iska aka ajiye a ofishin manaja, a ɗauko ta idan an yi zargi. Direbobi suka dinga tsokanarsa: "Baba, an kawo magajinka." Ya ce, "Madalla. Hancina tsufa yake yi, ita kuwa ba ta jin kunyar kowa."

Ya san abin da yake faɗa, domin akwai direba ɗaya da bai taɓa riƙe hannunsa ba: mijin autarsa, wanda abokan aiki ke kira Ango har bayan ya haifi 'ya'ya. Ango yakan durƙusa daga nesa, kai a sunkuye, ya ce "Baba ina kwana," Baba ya kawar da kai ya amsa a gajarce, ya ajiye makulli a gefen tebur. Suruki da suruki, wa zai matso da hanci? Kowa ya ga ladabi, har ni.

Ranar da abin ya faru, Ango ya durƙusa kamar kullum, amma da zai miƙe sai da ya dafa ƙasa. Baba ya ɗora tafinsa a kan makullin.

"Matso mu gaisa."

"Baba ai na gaishe ka."

"Na ce matso."

Bai yi tambaya ko biyu ba ya saki hannun. Na ga fuskar Baba, wallahi kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Nan da nan direbobi suka kewaye shi. Babbansu ya ce ƙasa-ƙasa, "Baba, a rufa asiri. A ce zazzaɓi ne ya koma gida, ni zan ja motarsa. Ka dubi jikokinka."

Baba ya ce, "Su nake dubawa. In na ce zazzaɓi ne yau, jibi ma zazzaɓin zai dawo, ranar kuma ina iya kwana da mura. Ku kira manaja ya zo da na'urar."

Na'ura ta faɗi abin da hanci ya riga ya ji. Ango ya rasa lasisi, ya rasa motar. Da rana tsaka Auta ta zo get da goyo, mai shayin bakin garejin ya ba ni labari. Ta ce, "Baba, hana shi makulli ban ce komai ba. Amma kai da bakinka ka kira masa na'ura? Mijina fa!" Ta juya ta tafi, tun ranar ba ta sake taka gidansa ba, ko ya kira wayarta ba ta ɗauka.

Kai ne mai riƙon amanar da ba a rubuta maka a takardar aiki ba, Baba. Kai ne ka tsaya tsakanin kwalba da sitiyari da hannu ɗaya. Motar da Ango zai ja ranar ita nake jira, ni da 'yan makaranta da wata mai tsohon ciki. Babu wanda ya san abin da zai faru da ka ba shi, kuma babu wanda zai zo ya gode maka don haɗarin da bai auku ba. To ni na zo. Na gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya.

Ku kuma masu ba da lasisi, da masu koyar da tuƙi, da masu tsayawa a titi da kaki, doka ta riga ta ba ku abin da Baba bai samu ba sai da tsufansa. Abin da ya rage shi ne ranar da wanda ke gabanku zai zama ɗan yayarku ko mijin ƙanwarku. Ranar ce za a san ko akwai doka. Mu fasinjoji ma mu daina tsaki, mu sauka daga motar da muka ji wari.

An ce Ango yana zuwa makarantar tuƙi, yana zama aji ɗaya da sa'annin ƙannensa. Ko ya daina sha, Allah masani, ba zan yi muku ƙarya ba. Auta dai har yanzu ba ta huce ba. Shekaranjiya, ina jiran mota, na yi ƙarfin hali na tambayi Baba ko zai so a je a ba ta haƙuri kafin ranar sallamarsa, ko ta zo a yi da ita. Ya dubi get ya ce:

"Ina kewarta, 'yata, ba na ko barcin kirki. Amma ku ƙyale ta. Gara ta yi fushi da ni da ta yi takaba."