Sunan da Kakata Ba Ta Faɗa Ba

Shekarar da fara ta cinye geron Gangara, ina wata na shida a ajin yaƙi da jahilci, wata Baturiya ta sauka Tanut tana bin sawun kakanta. Ɗan asalin Holan ne, ya yi wa Faransawa aikin rijiyoyi a Damargu. Malaminmu ya kai ni wurinta, domin a gidanmu ana cewa kakana ne ya ja masa raƙumi.

Ta buɗe jaka, ga hotuna, ga wasiƙu. Ta san har ranar da ya yi zazzaɓi a Ollelewa. Na yi murmushi, amma hassada ta cika ni. Baƙon da ya yi shekara uku a ƙasarmu an san komai nasa. Nawa da ya mutu a nan, ko fuskarsa ban sani ba.

Sai ta miƙo mini takardar sunayen masu raƙuma. Tafintan da ke tare da ita ya ce, "Malam, wanne ne naku?"

Na bi su da yatsa, na karanta duka da kaina. Amma kakata ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba saboda kunya, "mai gida" take cewa. Babana kuma "tsoho". Ban tambaye su sunan ba tun suna da rai.

Ta koma ƙasarsu da ƙarin labarin da na ba ta. Ni na rasa suna ɗaya, da mutum biyu da suka san shi.