Maginin Da Bai Yi Kuka Ba

A makon da aka binne mijinta, tulun Filoksena ya kuɓuce mata a bakin rijiya ya tarwatse. Tana tsugune tana tsince tsingaro, sai ga Zotikos magini da sabon tulu, ya dire a gabanta. Amma kafin ya sake shi sai da ya motsa leɓe, ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa. Ta yi godiya. Da ta isa gida kuwa, ba ta zuba masa ruwa ba sai da ta wanke shi ta yi masa alamar gicciye.

Duk unguwar magina ta Atina an san asalinsa. Yana saurayi ya yi shara a gidan malaman hikima, mutanen da ba su taɓa taka coci ba. Da sarki ya rufe gidan, malaman suka watse, shi ya koma sana'ar ubansa. Yana zuwa sujada ran Lahadi, amma can baya yake tsayawa. Ba ya rantsuwa, ba ya ɗaga murya a ciniki. Ranar da gashin tukwanensa ya lalace kaf, ko tsaki bai yi ba, ya share ya kwaɓa sabon yumɓu. Matan rijiya suka ce ruwa ba ya kwanciya haka sai da wani abu a ƙasansa.

Sai zazzaɓi ya ɗauke Kallisti, 'yarsa tilo. Mata na ta gunji, shi yana tsaye ido a bushe, leɓe na motsi. Washegari ya buɗe rumfa.

"Baba Zotikos, da dutse aka gina ka ne, ko da yumɓu?" in ji mai gashin burodi. Ya ce da yumɓu, kamar kowa.

Magana ta yaɗu cewa ya ba tsofaffin gumaka 'yarsa. Dattijon coci ya kira Filoksena, tunda katanga ɗaya ta raba ta da Zotikos, ya ce ta sa masa ido. In tsafi ne, za a rushe tanderunsa a kore shi daga unguwa, kuma bakinta za a bi.

Ta sa ido. Ba ta ga gunki ba, ba ta ji ƙanshin turare ba. Ta dai lura ya daina taɓa ɓauren da ke tsakar gidansa, wanda yarinyar ke so, har yana zuba yana ruɓewa. Rannan ta je da sunan sayen kasko, ta matsa kusa sosai. Da ya miƙo mata ta ji abin da yake faɗa: aro ne, za a karɓe.

Ya ga ta ji. Ya ce wani tsohon malami ne ya koya masa, duk abin da ka riƙe ka tuna wa kanka ba naka ba ne, don ranar karɓa kada ka yi wa mai shi gardama. Haka yake faɗa a kan tukunya, haka yake faɗa duk sanda ya sumbaci goshin Kallisti.

"To aron wa ne?" ta tambaya.

"Na wanda ya ara miki mijinki, 'yar'uwa."

Ta jira ya ambaci sunan Ubangiji, bai ambata ba. Har yau abin na mata ƙaiƙayi. Duk da haka, abin da ta gani kaɗai ta kai wa dattijo, ba ta haɗa da abin da take zato ba. Aka bar wa Zotikos tanderunsa.

Ana gobe za a dafa alkamar tunawa da Kallisti, kamar yadda aka saba yi wa mamaci, Zotikos ya tsaya a ƙofar Filoksena yana murza hannu.

"Na daɗe ina hana idona hawaye, yanzu ina nema ya ƙi," in ji shi. "Ki zo kabarin gobe ki yi mata kuka. Kada ta tafi babu na gida ko ɗaya da ya zubar mata da hawaye."