Koren Rubutun Dakta

Ranar Litinin da safe na buɗe akwatin ɗumi zan goge ƙofarsa, sai na ga ruwan da ƙwayoyin hanta suke kwance a ciki ya koma rawaya. Shekara goma sha ɗaya ina wanke kwalabe a wannan ɗakin bincike, ban taɓa ganin kin bar ruwan nan ya tashi daga ja ba, Dakta. Ko ranar hutu ce sai kin zo kin sake musu wani. Na tsaya da tsumma a hannu. Ban kai ga rufe ƙofar ba maigadi ya shigo ya ce, "Inna, sai haƙuri. Dakta ta rasu tun Asabar." Tara ga watan Maris ke nan, bayan ciwon ƙirji na yini ɗaya. Wayata ta lalace, aka yi jana'izarki ban sani ba. Na Allah muke, kuma gare shi komawarmu take.

Dakta, karatuna bai wuce firamare ba, amma ba ki taɓa nuna mini haka ba. Ke kika zaunar da ni a gaban madubin ganin ƙananan abubuwa, kika ce, "Inna, leƙa ki ga waɗanda kike wa wanke-wanke." Na ga wasu 'yan ɗakuna manne da juna, ashe su ne ƙwayoyin hantar. Kika ce kowanne yana haɗa wani irin kitse mai suna sfingolifid, ya ƙunshe shi tare da wasu kitsen cikin 'yan ƙunshi ƙanana, ya tura cikin jini. Jiki yana bukatarsa, amma in ya yi yawa akan gan shi tare da ciwon zuciya da na suga. Ke kuma hanyar da yake bi ya fita daga hanta kike nema. Sunan ya gagari bakina, na ce masa kitsen Dakta. Kika yi dariya har da hawaye, kika ce ashe shi ya sa ba ki da ko kaɗan a jikinki.

Da suga ya kwantar da maigidana, ke kika zo gidanmu, kika zauna a ƙasa kusa da shi kina koya mini yin allura. Da sabulun wanki ya tsattsage mini hannu, kika tsaya kai da fata sai da aka kawo safar hannu mai kauri. Kika ce ranar da aikin zai fito, sunana zai shiga wurin godiya, don kwalba mai datti ƙarya take faɗa.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni, kuma zan faɗe shi a gaban danginki da abokan aikinki.

Kowa ya san da koren alƙalami kike rubutu a jikin 'yan kwalaben da kike ajiyewa a firiza, shekara bakwai ba ki canza ba. Ranar Litinin ɗin nan, da na zo juye kwandon shara, na tarar da auduga cike da hannu biyu, duk ta rine kore, tana warin sifirit. Ni na juye kwandon ranar Juma'a da yamma, ba komai na bari a ciki. Na buɗe firiza. Akwatunan sama guda huɗu suna nan, amma rubutun jikin kwalaben baƙi ne, ba kuma hannunki ba ne. Littafinki mai jan bango, inda kike rubuta sakamakon aikin, ba ya cikin aljihun tebur.

Na tambayi maigadi. Ya ce ranar Lahadi bayan azahar mataimakinki ya zo ya karɓi makulli. Na tare mataimakin a matakala na tambaye shi. Ya ce, "Inna, tsara kayan na yi kada su ɓace. Ki tsaya a kan wankinki."

Mai yiwuwa haka ne, ban shiga zuciyarsa ba. Amma wanda ya zo ranar Lahadi don kada aikinki ya ɓace, me ya hana shi sake wa ƙwayoyin ruwa, ga su nan taku uku daga firiza? Ya bar masu rai suka mutu, ya zauna goge sunanki. An ja mini kunne cewa maganar nan za ta iya raba ni da aikina. Na ji. Na fi jin tsoron in ga wahalarki ta fito da sunan wani, in yi shiru.

Allah ya jiƙanki, Dakta, ya yafe kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sa abin da kika nema don lafiyar mutane ya zama miki haske. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, da maigidanki, da 'ya'yanki biyu. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ta bari.

Audugar tana wurina cikin ambulan, zan ba maigidanki hannu da hannu. A akwatin ƙasa na firiza, bayan ƙanƙara, inda hannunsa bai kai ba, akwai kwalabe arba'in da biyu da har yanzu suke da koren rubutunki. Ba a auna abin da ke cikinsu ba tukuna.